Zan iya ajiye dikoda in koma akwatin intanet? Ina neman shawarar 'yan Kaduna

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum jama'a. Ya aiki, ya zafi?

Kuɗin wata na dikodarmu ya kai inda nake jin sa a jikina. In na zauna na lissafa tashoshin da ake kallo da gaske a gidan nan, yatsun hannu sun ishe ni, sauran biya kawai muke muna tsallake su da rimot. Ga damina kuma, hadari na haɗuwa hoto zai fara yayyagewa, kafin ruwa ya sauka ya ɗauke gaba ɗaya.

Ga yadda gidan yake. Mahaifiyata tana tare da mu. Ita ba ruwanta da komai sai Arewa24, tashoshin wa'azi, da tashar Makka wadda ake nuna ɗawafi kai tsaye. Wannan tun bayan sallar asuba take kunna ta, ko ba ta zaune a gabanta tana so ƙira'a ta riƙa tashi a ɗaki. Uwargida fina-finan Hausa masu dogon zango da na Indiya da aka fassara. Yara katun. Ni labarai, sai ƙwallo Asabar da Lahadi. Arsenal nake yi, kuma ban nemi ra'ayin kowa a kan wannan ba.

Talabijin ɗin falo inci 43 ne, ba mai intanet ba, amma yana da ramin HDMI biyu a baya. Intanet ɗinmu 'yar ƙaramar MiFi ce, na'urar nan ta aljihu mai raba waifai, da nake sa wa data, sai wayoyinmu.

Na zaga shagunan kayan lantarki a Ahmadu Bello Way da cikin kasuwar Sheikh Gumi, an nuna mini akwatunan da ake jona wa talabijin a yi kallo ta intanet iri biyu. Na farko wani baƙin akwati, an rubuta 8K ɓaro-ɓaro a kwalinsa, aka ce an riga an zuba masa tashoshi fiye da dubu har da na ƙwallo, kuma babu biyan wata. Na biyu Xiaomi ne, da wani ɗan siriri Fire TV Stick na Amazon. Waɗannan sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma aka ce babu tasha ko ɗaya a cikinsu sai abin da na sa da kaina. Abin ya ɗaure mini kai. Mai arha cike da kaya, mai tsada fanko, ta yaya?

To waɗanda suka riga ni, wanne ya kamata in ɗauka? MiFi ɗin nan za ta iya? Kuma tsakani da Allah, in na ajiye dikodar, kuɗi za su ragu a aljihuna ko sauya musu hanyar fita kawai zan yi?

Mai Dish na Kawo

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Sana'ata ke nan, ɗaura dish da saita risiba, yanzu kuma rabin kiran da ake mini a kan akwatunan nan ne. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai nauyi, sauran biyun sauƙi ne.

Akwatin sau ɗaya za ka saya. Data ce za ta zama sabon kuɗin watanka. Dikoda kamar famfon da ake biya a wata ne, ka buɗe awa ɗaya ko ka bar shi yana zuba wuni guda, kuɗinka ɗaya. Data kuwa ruwan 'yan garuwa ne, jarka-jarka ake ƙirga maka. Netflix da kansu sun rubuta a shafinsu cewa hoto mafi ƙanƙanta yana cin kusan GB 0.3 a awa, matsakaici GB 0.7, HD har GB 3, 4K kuma har GB 7. YouTube a 480p (lambar kyan hoto ce, 720p da 1080p sun fi ta kyau) wajen rabin GB ne a awa. Yanzu ɗauko gidanka. Hajiya ta kunna Makka da asuba, yara su dawo daga makaranta su karɓa, uwargida ta zauna bayan isha'i, kai kana jiran labarai. Mu ce awa 6 a rana, ko da yake ni da kai mun san ya fi haka. Awa 180 ke nan a wata. A matsakaicin hoto GB 126. A HD GB 540. Ka duba nawa layinka ke sayar da GB 126, ka ajiye kusa da kuɗin dikodar, amsar za ta fito da kanta. Kada ka yi lissafi da farashin da ka sani a da, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Tsarin nan ma da ake cewa ba ya ƙarewa, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, yawancinsu in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu har ƙarshen wata.

Gudun intanet kuwa ba shi ne abin tsoro ba. Mbps 3 ya isa 720p, 5 ya isa 1080p, 4K ne ke neman 15. Abin da za ka yi, ka haɗa wayarka da MiFi ɗin, ka zauna a falon daidai inda talabijin yake, ka buɗe fast.com, shafin da ke auna gudun intanet. Amma ba da hantsi ba lokacin da kowa na wurin aiki. Tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare za ka gwada, lokacin da duk unguwa ta hau sabis ɗaya. Abin da ka gani a lokacin shi ne naka. In ya yi ƙasa, matsar da MiFi ɗin bakin taga ka sake dubawa, bangon bulo da kwanon rufi suna cinye sabis fiye da yadda mutane ke zato.

Shawarata ga gida irin naka, kada ka ɗora Hajiya a kan data ko kaɗan. Duk abin da ka lissafa mata kyauta yake a sama. Arewa24 tun da aka buɗe ta a 2014 ana kama ta a dish na kyauta. Tashar Ƙur'ani ta Makka da ta Sunna ta Madina na Saudiyya ne, ba a kulle su ba, suna kan taurarin ɗan'adam na Nilesat da Arabsat. Tashoshin wa'azi na Hausa irin su Sunnah TV da Manara su ma haka. Risiba irin Strong, faranti, da kuɗin aiki sau ɗaya, shi ke nan, ta bar ta a kunne har dare babu mai ƙirga mata. Sai dai ba duka suke kan tauraro ɗaya ba, wani lokaci sai an sa LNB biyu, wato kan nan da ke gaban faranti yana karɓar sigina, da ɗan suwic, wasu kuma suna son faranti babba. Mai ɗaurawa ya zo ya ga gidan kafin ka sayi komai. Tashoshin gida irin NTA Kaduna, KSTV da DITV kuwa aikin eriya ne. Kaduna na cikin jihohin farko da aka ƙaddamar wa FreeTV, tsarin talabijin na dijital na gwamnati, a Disambar 2017, ka tambayi maƙwabta ko yana kamawa a layinku kafin ka sa kuɗi.

Akwatin intanet sai ya zauna a falo don abin da aka zaɓa aka zauna kallo, awa ɗaya ko biyu, a kashe. A nan ne yake da daɗi, kuma a nan ne kuɗi ke raguwa.

Yanzu batun mai arha da mai tsada. Baƙin akwatin nan Android ɗin waya aka cusa masa, ba wanda aka yi don talabijin ba. Shi ya sa za ka ga wani kibiya-kibiya a fuskar kana ja da rimot, manhajoji suna fitowa a tsaye kamar a waya. Abin da aka rubuta a kwali kuma kada ka ɗauke shi da muhimmanci. Na sha buɗe wanda aka rubuta RAM (ƙwaƙwalwar aikinsa) 4, a ciki 1 ne, an gyara rubutun saitin ma ya nuna ƙarya. 8K ɗin ado ne. Babbar matsalarsa ita ce ba shi da lasisi. Akwai wani makulli na Google mai suna Widevine wanda su Netflix ke dubawa kafin su sakar maka hoto mai kyau. Akwati mai lasisi yana matakin L1, marar lasisi L3, kuma da L3 ko kana da intanet mafi gudu a Kaduna hoto ba zai wuce ƙaramin mataki ba, wani lokaci ma manhajar ba za ta buɗe ba sam. Kuɗin da ka ga sun ƙaru a kan Xiaomi da Fire TV Stick, wannan kake saya, da sabuntawar da kamfani ke turowa.

Tsakanin biyun ni Xiaomi TV Box S zan ce maka. Da Gmail ɗin da ke wayarka za ka shiga, Play Store na ciki, RAM 2 ne na gaskiya, kuma yana da ramin USB da za ka soka filashi kai tsaye. Fire TV Stick ma lafiyayye ne, amma sai ka buɗe asusun Amazon, kuma wasu manhajojin suna ɓuya gwargwadon ƙasar da aka yi rajista. Chromecast na Google an daina yin sa a 2024, Google TV Streamer ne ya gaje shi, in ka ci karo da shi shi ma ba laifi sai tsada. Akwai jabun Xiaomi a kasuwa, saboda haka kada ka karɓa a rufe. A jona shi a shagon, ka haɗa da waifai na wayarka, ka sauke wata 'yar manhaja DRM Info daga Play Store. In ta nuna L1, biya. In mai shago ya ce ba a buɗewa sai an biya, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.

Maman Ilham, Barnawa

Malam Mai Dish ya gama magana a kan data, Allah ya saka. Ni zan yi maka ta cikin gida, Baban Khalifa, domin mu mun koma akwatin tun bara.

Maganar Hajiya ka riƙe ta da kyau, ba don kuɗi kaɗai ba. Surukata in ta zo mana kwana biyu, da dikoda ta san lambar tasharta, ta danna ta zauna. Akwatin nan kuwa ba tasha, sai ka shiga manhaja, ka nemo, ka zaɓa, talla ta fito ka jira. Rimot ɗin maɓallansa ba su fi goma ba kuma babu lamba ko ɗaya. Akwai maɓallin magana, amma ba ya jin Hausarmu yadda ya kamata, ka ce tafsiri ya kawo maka wani abu can daban. Ƙarshenta sai ta kira jika ya kunna mata, jikan kuma minti biyar ya mayar katun. Tsohuwa ba ta son ta riƙa roƙon a kunna mata abu a gidan ɗanta.

Uwargida kuwa za ta ji daɗinsa fiye da kowa. Yawancin masu dogon zangon nan a YouTube masu su ke sakin su, a tasharsu ta kansu, ba sai ta jira ranar da za a haska ba kuma in an ɗauke wuta a tsakiya ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akwai manhajojin fina-finan Hausa, Northflix da Kallo da ta Arewa24, ga mai son biya. Sai dai ka duba a Play Store na akwatin kansa, ba na wayarka ba, domin ba kowace manhajar waya ce ke da ta talabijin ba. Na Indiya kuma ta san inda take samo su, in a filashi ne ka sa manhajar kunna bidiyo ta VLC a akwatin zai karanta.

Abubuwan da ke shanye data a ɓoye su ne ba a gaya wa mutum a shago. YouTube in ya ga sabis da kyau da kansa yake haurawa 1080p, ba ya tambayar ka. Sai ka shiga alamar saiti a kan bidiyon ka mayar 480p ko 720p, kuma yakan koma, sai an riƙa dubawa. A inci 43 daga kan kujera, wasan Hausa a 480p ba ya hana kowa jin daɗi. Ka kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa, in ba haka ba mutum ya yi barci a falo akwati na ta aiki har asuba. Na Netflix ba a talabijin ake gyarawa ba, sai ka shiga asusunka ta burauza, wajen Playback settings, ka zaɓi matsakaici, kuma kowane suna a asusun da nasa saitin, na yara daban naka daban. A nan ne ma za ka kashe ɗan tallan fim da ke fara motsi tun ba ka danna ba. Ka hana Play Store sabunta manhajoji da kansa. Hotunan nan masu kyau da ke sauyawa in an bar talabijin shiru, su ma daga intanet ake jawo su.

Wani abu kuma da mutane da yawa ke ɗauka dabara ce. Ka sauke bidiyo a YouTube na waya da datar dare mai arha, sannan ka danna alamar turawa talabijin. Ba wanda ka sauke ake nunawa ba, akwatin sake jawo shi yake daga intanet da datarka ta rana. Ka biya sau biyu ke nan.

Yara su ne abin da ya fi damuna, ba data ba. A dikoda katun katun ne, ka san iyakarsa. YouTube kuwa daga katun zuwa abin da ba ka so taku uku ne. Ka buɗe musu nasu sunan na yara a akwatin, ka bar musu sashen YouTube na yara, YouTube Kids, kaɗai, ka sa iyakar lokaci da lambar sirri a naka. Ni na ƙara da tara musu waɗanda na duba da idona a filashi, ranar makaranta shi suke kallo, MiFi na jakata. Yaro ba ya gajiya da maimaita abu ɗaya, mu ne muke gajiya.

Ɗan Rigasa

Haba Oga Mai Dish, kun tsorata bawan Allah da lissafi. Ni baƙin akwatin nan nake amfani da shi, wanda kuke zagi. Akwai wani yaro da ke sa mini lambar buɗe tashoshi, in biya shi ɗan abin da bai kai kuɗin dikoda na wata ɗaya ba, in yi shekara ina kallo. Firimiya, La Liga, gasar zakarun Turai, dambe, tashoshin Larabawa, na Indiya, har waɗanda ban san yarensu ba. Netflix ɗin da kuke ta L1 L3 ni ban taɓa buɗe shi ba, me zan yi da shi?

Baban Khalifa, in don ƙwallo ne ka ɗauki mai arha ka huta. Ko da yake mai bin Arsenal, in hoto ya tsaya a minti na tamanin ai rahama ce aka yi masa.

Mai Dish na Kawo

Ɗan Rigasa, na san irin lambar da kake nufi, kuma ban ce ba ta nunawa ba. Tambaya ɗaya zan maka: ranar babban wasa, Arsenal da Man United ko wasan ƙarshe na zakarun Turai, sau nawa abin nan ke tsayawa yana juyi? Kuma in ya dawo, gidan kallon layinku bai riga ya yi ihun ci ba? Ko na halal ne, ƙwallo ta intanet tana bayan ta dish da daƙiƙoƙi masu yawa, balle wanda aka sato aka bi da shi ta hannu uku kafin ya iso Rigasa.

SuperSport ke da haƙƙin nuna Firimiya da gasar zakarun Turai a wannan yanki namu. Duk wanda ya sayar maka da su a kuɗin goro, ba nasa ya sayar ba. Shi ya sa ake rufe su. Yau yana nan, gobe an kashe inda yake jawowa, yaron ya sauya layi, kuɗin shekararka sun bi ruwa, kuma babu ofishin da za ka kai ƙara. Ni ba na sa wa mutane, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, don ni za a kira da tsakar dare in ya mutu. Kuma datar da na lissafa a sama tana nan daram, wasa ɗaya kusan awa biyu ne, ƙwallo kuma ba ta kalluwa a ƙaramin hoto, ba za ka ga ƙwallon ba ma.

Akwai abin da ya fi wannan. A 2023 masu bincike suka gano wasu akwatunan nan masu arha, irin T95, tun daga masana'anta suke zuwa da muguwar manhaja a ciki. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan abin, suna kiran sa BADBOX 2.0. Akwatin na zaune a falonka, wasu a wata ƙasa suna bi ta intanet ɗinka suna harkokinsu, yana danna tallace-tallace a ɓoye, duk da datarka. Ko ka goge shi ka mayar sabo abin na nan. Alamomin da suka ce a lura da su sun haɗa da akwatin da ake talla da cewa yana ba da komai kyauta, da wanda zai ce ka kashe Play Protect, mai gadin manhajoji na Google. In har za ka ci gaba da naka, aƙalla kada ka sa masa Gmail ɗinka na gaske ko katin banki, kuma ka zare shi daga wuta in ba a kallo.

Baban Khalifa, ƙwallo ita ce abu ɗaya da akwatin ba zai warware maka da arha ba, gara in faɗa maka yanzu. Kada ka sayar da dikodar. Ai ba yarjejeniyar shekara kuka yi ba, watan da ka biya shi ake buɗe maka. Firimiya daga Agusta zuwa Mayu ake yi, Yuni da Yuli ba ka da dalilin biya. A cikin kakar ma ka duba jadawali, watan da wasanni suka yi zafi ka biya, sauran ka taka gidan kallo, ko ka jira taƙaitaccen wasan a YouTube. Labarai kuwa ba matsala, Channels, Arise da TVC duk suna kai tsaye a YouTube, BBC Hausa da DW Hausa suna sa nasu a can.

Mai Sola, Mando

Ba wanda ya taɓo wuta, kuma a garin nan da ita ake fara lissafi.

Akwatin kansa ba ya cin komai, bai kai wat 10 ba. Matsalar ita ce in an ɗauke wuta an tayar da janareta, risiba nan take take dawowa, amma akwati sai ya tashi, rauta ta tashi, ta nemo sabis, su gaisa, ka koma manhaja ka nemo inda kake. Minti biyu zuwa uku sun tafi. MiFi tana da batir, wannan ta fi rauta a nan. Amma in ka bar ta a jone dare da rana tana ɗaukar talabijin da wayoyin gida, zafi take yi, batirin ya kumbura. In abin ya zauna, ka nemi rauta ta 4G mai shiga wuta, ka haɗa mata ƙaramin UPS ɗin nan na rauta, yana riƙe ta awanni. In da inbata a gidan, talabijin da akwati da rauta duk ka mayar da su layinta, ba su kai firji ɗaya ja ba.

Wanda ya ɗauki Fire TV Stick, kada ya ba shi wuta daga ramin USB na talabijin don gudun waya. Yawancin ramukan nan rabin amfiya suke bayarwa, ba ya isar sa, sai ya riƙa mutuwa yana tashi a ɗauka lalacewa ya yi. A sa cajar da ya zo da ita. Akwai kuma ɗan guntun wayar HDMI a kwalinsa da mutane ke yarwa, amfaninsa ya nisanta shi da bayan talabijin. A zafin Maris da Afrilu bayan talabijin ɗin da ke manne da bango ba wurin zaman na'ura ba ne. Akwati ma kada a cusa shi cikin durowa ko a ɗora shi kan risiba. Kuma a sa abin kare wuta a soket, cajojin nan ba sa jure wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Za a ce maka Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam. Tun Janairun 2023 yake Najeriya kuma yana aiki, amma kuɗin kayansa da na watansa ba na mai gudun kuɗin dikoda ba ne, yana jan wuta sosai, kuma ruwan sama mai ƙarfi shi ma yana taɓa shi. Sai in gidaje ne za su haɗu.

Baban Khalifa, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ɗan Rigasa, kai kuma Allah ya shirye ka.

Na gwada fast.com kamar yadda Malam Mai Dish ya ce. Da rana yana haura Mbps 10, bayan isha'i ya sauko wajen 4, a bakin taga ya ɗan ƙaru. Ke nan 720p zai yi, kuma dama ba zan wuce nan ba. Na kuma duba kuɗin GB 126 a layina, na rufe wayar na yi shiru.

Abin da na tsayar: dish na kyauta don Hajiya, Xiaomi a falo, dikoda ta zauna sai watan da na ga dama. Maman Ilham, uwargida ta karanta naki ta ce a gaishe ki, ta kuma ce MiFi jakarta za ta koma ba tawa ba.

Saura abu biyu, Malam. Talabijin ɗin ɗakin Hajiya tsoho ne, mai ramuka uku, rawaya da fari da ja, babu HDMI. Risibar za ta shiga? Sannan farantin da ke kan rufinmu yanzu, ba za a iya juya shi kawai a huta sayen wani ba? Ina so tashoshin kyautar su zo falo su ma.

Mai Dish na Kawo

Risibar za ta shiga, yawancinsu suna da HDMI da kuma mai launi ukun, ka dai duba bayanta kafin ka biya, domin wasu ƙananan sai da wata waya ta daban.

Farantin kuwa kada a taɓa shi. In aka juya shi ya bar tauraron da dikodarka ke kallo, ranar da ka biya don ƙwallo ba abin da zai fito, sai ka sake kiran mai dish ya hau rufi, wata mai zuwa kuma a sake juyawa. Ka sayi faranti na biyu, girmansa ya danganta da tauraron da tashoshin Hajiya suke. Dikodar kuɗi kuma ba za ta kama maka na kyauta ba, an kulle ta a kan kamfaninta.

Don falo, a sa LNB mai baki biyu, waya ɗaya ta tafi ɗakin Hajiya ɗaya ta zo falo, kowanne da risibarsa. Kada a yarda a tsaga waya ɗaya gida biyu, in ta sauya tasha taku za ta iya ɗaukewa. Sai dai ramin HDMI ɗinka biyu ne, na'urori sun zama uku. Akwati da dikoda su ɗauki HDMI, risibar ta shiga ta mai launi uku in talabijin ɗin yana da shi, in babu akwai ɗan suwic na HDMI mai baki uku, ba shi da tsada. Ka kuma shiga saitin talabijin ka kunna CEC, a Samsung Anynet+ suke rubutawa, a LG SimpLink, sai rimot ɗin akwatin ya riƙa kunna talabijin yana rage murya, ka rage rimot ɗaya a kan kujera.

Ranar aikin kada ka bar mai ɗaurawa ya tafi da an ga hoto. Risibar za ta kwaso ɗaruruwan tashoshi, wasu ba na gidan mutunci ba ne. Ya zauna ya goge su, ya jera wa Hajiya nata a farko, Makka 1, Madina 2, Arewa24 3, na wa'azi su biyo baya, ya sa lambar sirri a wajen bincike don kada yara su sake kwaso su. Ta karɓi rimot ta gwada da hannunta yana tsaye, sannan ka biya shi.